Tambaya da Amsa: Me ya sa ake barin tsohuwar giyar Porto ta huta bayan doguwar tafiya?

TAMBAYA: Malam, ina yi maka fatan alheri. Ni mai kula da sito ne a wani otal da ke Akra, babban birnin Gana, kuma duk abin ci da abin sha da ya shigo gidan ta hannuna yake bi. A makon jiya wani Bature da ya daɗe yana sauka a wurinmu ya sa aka aiko masa da kwalba shida na giyar Porto ta shekarar 1977 daga Fotugal ta jirgin sama, domin walimar da zai haɗa wa abokansa a wata mai zuwa. Da kayan suka iso, sai manajanmu ya ce in kai su ɗaki mai sanyi in ajiye, kada wanda ya taɓa su har tsawon wata guda, wai giyar ta gaji da tafiya, sai ta huta. Shi kuwa mai kayan yana so a buɗe masa ɗaya a ƙarshen makon nan ya ɗanɗana. Ni ban taɓa kai giya bakina ba, amma kayan amana ne a hannuna, kuma kuɗinsu ba kaɗan ba ne. Shin abin da ke cikin kwalba yana gajiya, ko kuwa camfin Turawa ne kawai? Maganar wa zan bi a cikinsu?
Daga wani mai karatu a Akra.

AMSA: Ɗan'uwa, na gode da wannan wasiƙa, kuma na yaba da yadda ka ɗauki kayan mutane da muhimmanci. Na san wasu masu karatu za su yi mamakin ganin zancen giya a wannan shafi. Masu karanta Hausa suna da yawa, kowa da addininsa da sana'arsa, wanda addininsa ya hana shi kuwa ya san matsayinsa, ba kuma kiran kowa nake yi zuwa ga sha ba. Ma'aikaci ne ya yi tambaya a kan abin da aka damƙa masa, ni kuma na yi shekaru a sito da ɗakin girki na otal, don haka zan faɗa masa abin da na sani.

Manajanku yana da gaskiya, sai dai kalmar gajiya da ya yi amfani da ita ce ta sa maganar ta yi kama da camfi. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ke faruwa a cikin wannan kwalba abu ne da ido yake gani, kuma duk wanda ya taɓa ganin mace ta tace niƙan gero ta ajiye ƙullun a gefe don ya kwanta, ya riga ya san rabin amsar.

Kafin ka gane dalilin, sai ka san abin da aka ba ka ajiya. Ana noman inabin wannan giya a kwarin kogin Douro da ke arewacin Fotugal, a jikin tsaunuka masu gangara waɗanda aka sassare aka yi musu matakala. Tun shekarar 1756 gwamnatin ƙasar, a ƙarƙashin babban waziri Pombal, ta shata iyakar yankin da aka yarda a kira giyarsa da wannan suna, kuma yarjejeniyar ciniki ta Methuen da aka ƙulla da Ingila a 1703 ita ce ta buɗe mata kasuwar Turawan Ingila, shi ya sa har yau za ka ga sunaye irin su Taylor, Graham, Dow da Warre a jikin kwalaben. Yadda ake yin ta ya bambanta da sauran giyar inabi. Ana matse inabin, a wasu gidajen har yau da ƙafa ake tattaka shi a cikin kwarmin dutse, sannan a bar shi ya fara tsima na kwana biyu ko uku kacal. Tun sukarin da ke ciki bai gama juyewa ba sai a zuba masa barasa mai ƙarfi, wadda ta kai kashi 77 cikin ɗari, ita kuma nan take ta tsayar da tsimar. Abin da ake samu shi ne giya mai zaƙi da kauri, ja wur har ta yi duhu, mai ƙarfin kashi 19 zuwa 22 cikin ɗari. Daga nan akan kai ta manyan ɗakunan ajiya na Vila Nova de Gaia, garin da ke tsallaken kogi daura da birnin Porto.

Mafi yawan giyar Porto ana tace ta sarai kafin a ɗura ta a kwalba. Taka ba ta cikin wannan sahu. Idan ka duba takardar da ke jikinta za ka ga kalmar Vintage tare da shekara, ma'ana daga amfanin gonar kaka ɗaya tak aka yi ta, kuma kakar da masu gidan suka ga ta yi fice har hukumar da ke kula da giyar Douro da Porto ta amince. Irin wannan kaka ba ta cika wuce sau uku a cikin shekara goma ba, kuma 1977 tana cikin waɗanda aka fi yabawa, tare da 1963, 1970 da 1994. Irin wannan giya shekara biyu kawai take yi a gangar katako, sai a ɗura ta a kwalba ba tare da an tace ba. Wato tun wajen 1979 aka rufe bakin kwalaben da ke hannunka, kuma duk girman da giyar ta yi, a cikin gilashin ta yi shi.

A tsawon waɗannan shekaru fiye da arba'in, sinadaran da ke ba giyar launi da waɗanda ke ba ta bauri, irin baurin da kake ji a bakinka in ka tauna goro, suna ta haɗuwa da juna a hankali, suna ƙulluwa, har su yi nauyin da ruwan ba zai iya riƙe su ba, sai su faɗo su zama laka. Wannan faɗowa ita ce dalilin ajiyar gaba ɗaya, domin da ita ne giyar ke rabuwa da kaifinta ta yi laushi. Tun da a kwance ake ajiye kwalbar, lakar tana taruwa ne a gefen da ke ƙasa, wani ɓangarenta ya manne da gilashi ya zama ɓawo, wani kuma ya zauna sako-sako kamar garin kuka. Idan ka ga ɗigon farin fenti a jikin wata kwalba kusa da gindinta, kada ka goge shi, domin ba datti ba ne. Alama ce da masu ajiya suke yi don a san gefen da ke kallon sama, ta yadda duk wanda ya ɗaga kwalbar zai mayar da ita yadda ya same ta, lakar ta ci gaba da zama a wuri ɗaya.

To, yanzu ka lissafa abin da ya sami kwalaben nan tun daga Fotugal. An ɗaga su daga inda suka kwanta shekara da shekaru, an sa a kwali, mota ta yi ta jijjiga su zuwa filin jirgi, injin jirgi ya yi ta kaɗa su na sa'o'i, an sauke, an juya, wata motar ta sake ɗauka ta bi ramukan titi har ƙofar sitonka. Ɓawon ya farfashe, lakar ta tashi ta gauraye da giyar gaba ɗaya. Idan aka zuba ta a wannan hali, za ta fito a gurɓace, ba haske, mai sha zai ji tsaki-tsaki a harshensa, kuma ɗaci da baurin da giyar ta kwashe shekara arba'in tana fitarwa za su koma cikin kofinsa. Lakar ba guba ba ce, ba ta cutar da kowa, amma ta mayar da aikin shekaru baya.

Abin da ya sa jiran yake da tsawo shi ne ƙanƙantar ƙwayoyin lakar. In ka ɗebo ruwan rafi da damina ka zuba a randa, yashi yana kwanciya kafin ka juya baya, amma jar ƙasar nan mai laushi sai ta kwana ba ta gama sauka ba. Wani masanin lissafi mai suna George Stokes ya bayyana ƙa'idar wannan a shekarar 1851: idan faɗin ƙwaya ya ragu da rabi, lokacin saukarta yana ninkawa sau huɗu, idan kuwa ya ragu sau goma, lokacin yana ninkawa sau ɗari. Saboda haka manyan ɓarɓashin ɓawon za su sauka cikin 'yan sa'o'i, har mutum ya haska kwalbar ya zaci komai ya daidaita, alhali ƙurar da ta fi laushi tana nan tana yawo, kuma ita ce ke ɗaukar kwanaki har zuwa makonni. Ƙari a kan haka, giyar Porto tana ɗauke da sukari wajen giram 100 a kowace lita, ga kuma barasa, wannan ya sa ta fi ruwa kauri, ƙwayoyin suna sauka a cikinta da nawa. Babu kuma wata dabarar gaggauta abin, domin ba a buɗe kwalba a jefa mata alif kamar ruwan randa.

Akwai wata magana ta biyu da masu wannan sana'a suke yi, cewa ko giyar da ba ta da laka, idan ta sha jijjiga, ƙamshinta yakan dushe na ɗan lokaci sannan ya dawo. A kan wannan an rabu biyu, wasu sun rantse sun ji bambancin, wasu kuma sun ce zato ne. Ba ka bukatar shiga wannan gardama. Maganar laka babu mai musun ta, kuma ita kaɗai ta isa hujjar ajiye kwalaben.

Na taɓa ganin abin da rashin jira yake jawowa. A wani otal da na yi aiki ina saurayi, kaya irin naka sun iso da hantsi, walima kuma da daddare. Yaron da aka aika ya ɗauko kwalbar ya riƙo ta a wuya yana tafe yana lilo da ita, aka buɗe a gaban baƙi, aka zuba kai tsaye. Ina tsaye a bakin ƙofa na hango kofunan a ƙarƙashin fitila, abin da ya kamata ya yi ja garau ya fito kamar ruwan kududdufi, baƙin ɓarɓashi yana manne a jikin gilashin. Mai walimar ya ɗaga kofinsa ya duba, ya ajiye, bai ce uffan ba. Washegari laifin ya sauka a kan mai kula da sito, dattijo mai gaskiya wanda babu wanda ya taɓa yi masa bayanin nan da nake yi maka. Har yau abin yana yi mini ciwo, shi ya sa na ba wasiƙarka fili mai yawa.

Game da tsawon hutun, abin da masu sana'ar suka saba bayarwa shi ne mako biyu zuwa huɗu ga giyar da ta kai waɗannan shekaru, wasu ma sukan kai mako shida. Wata gudan da manajanku ya yanka yana cikin ƙa'ida, kuma ya yi daidai da ranar walimar. Shawarata ita ce ka tambayi mai kayan kwalba nawa za a sha a ranar. Waɗannan ka tsayar da su a kan gindinsu tun yau, ka bar su haka har ranar, domin lakar ta gangara ƙasa sau ɗaya ta zauna. Wasu za su ce maka tsayuwa tana busar da matoshin, amma wannan matsalar watanni ce da shekaru, 'yan makonni ba su yin komai. Waɗanda za a ci gaba da ajiyewa kuwa ka kwantar da su, farin fentin ko takardar tana kallon sama, don giyar ta riƙa taɓa matoshin, in ranarsu ta zo sai a tsayar da su kwana biyu ko uku kafin a buɗe.

Sai dai akwai abin da ya fi damuna a wasiƙarka, wanda ba ka tambaya ba, wato zafi. Jira yana gyara abin da jijjiga ta ɓata, amma abin da zafi ya dafa ya dafu ke nan. Wannan giya ta saba da ɗaki mai duhu wanda sanyinsa ke tsakanin digiri 12 zuwa 14 a ma'aunin Salshiyos, ga shi ta sauka a garin da rana ke haura digiri 30 a yawancin shekara. Idan kwalin ya yi wuni a rana, ko a bayan mota a rufe, ruwan yakan kumbura ya tura matoshin, wani lokaci ya tsattsafo ta gefensa, in ya huce kuma ya zuƙo iska ciki. Tun yau ka ɗauki tocila ka duba kowace kwalba ba tare da ka jijjiga ta ba. Ka shafa yatsa a bakin murfin ka ji ko da danƙo, ka duba ko matoshin ya turo sama ya kumbura murfin, ka duba ko giyar ta zubo ta ɓata takardar, sannan ka kwatanta inda ruwan ya tsaya a wuyan kwalaben shida. Tsohuwar kwalba takan ɗan ragu, wannan ba abin tsoro ba ne, amma wadda ta sauka ƙasa da kafaɗa alhali 'yan'uwanta suna wuya, akwai magana. Duk abin da ka gani ka ɗauki hotonsa da waya, ka nuna wa manaja da mai kayan a ranar, domin kada a wayi gari a ce a hannunka abin ya lalace.

Wurin ajiyar ya kasance ɗaki na ciki, mai duhu, wanda sanyinsa ba ya hawa da sauka. Ɗakin da na'urar sanyaya iska ke aiki da rana a kashe ta da dare ya fi ɗaki mai matsakaicin sanyi illa. Ka nisanta su da bangon da ke kusa da janareta, da kan firji, da kantar da ake yawan ja da turawa, tun da duk wata 'yar girgiza tana tayar da ƙurar da kake jira ta kwanta. Firjin abinci ma ba wurinsu ba ne, sanyinsa ya yi yawa kuma injinsa yana kaɗawa. In otal ɗinku yana da firji na musamman na giyar inabi, shi ne daidai. Ka rubuta takarda ka manna a wurin, saboda mai shara da abokan aikinka na dare.

Saura maganar mai kayan da ke son ɗanɗanawa a ƙarshen mako. Kayansa ne, ba za ka hana shi ba, kuma bai kamata ka tsaya tsakaninsa da manaja kana raba gardama ba. Ka yi wa manaja bayani, shi ya gaya masa cewa za a iya buɗe ɗaya, amma ba za ta nuna masa ainihin yadda sauran za su kasance ba. Idan ya nace, ka ware wadda ka fi shakka a kanta, musamman in akwai mai alamar tsattsafowa, ka tsayar da ita yanzu, a buɗe ta a ranar a tace da ƙyalle. Ta haka ya biya bukatarsa, ku kuma kun san halin da kayan suka iso.

Ranar buɗewa tana bukatar hannu mai natsuwa. Matoshin ɓawon itace ne, kuma wanda ya shekara arba'in a jiƙe yakan yi laushi ya marmashe in aka soka masa ƙarfen nan mai murɗe. Ya fi kyau a yi amfani da mabuɗi mai harshe biyu, wanda ake zura wa ta gefe da gefe a murɗo matoshin gaba ɗayansa. A Fotugal da Ingila akwai tsohuwar dabara ta awartaki, inda ake gasa shi a wuta har ya yi ja, a maƙe wuyan kwalbar da shi na kamar minti ɗaya ko biyu, a cire, sannan a shafa wurin da jiƙaƙƙen tsumma mai sanyi, sai gilashin ya tsage a zagaye, kan kwalbar ya fita tare da matoshin. Abin sha'awa ne a gani, amma wanda bai koya ba kada ya fara gwadawa a kan kayan wani. In matoshin ya marmashe ya faɗa ciki, ba asara ba ce, tacewa za ta kama shi.

Daga nan sai juyewa. A kawo tulun gilashi mai tsabta wanda babu ƙanshin sabulu a cikinsa, a sa mazurari, a shimfiɗa masa farin ƙyalle shara-shara da aka ɗauraye da ruwa zalla. A kunna kyandir ko tocila a ƙarƙashin wuyan kwalbar, saboda gilashinta baƙi ne. A karkata ta sannu a hankali, a zuba a jere ba tsayawa, domin in aka tsaya aka mayar da ita tsaye, giyar za ta koma da baya ta tayar da lakar. Idonka yana kan wuyan, za ka ga jan ruwa yana wucewa garau a kan hasken, can sai ka hango wani baƙin zare ya fara tahowa daga kafaɗa. Nan ake tsayawa. Abin da ya rage, kamar kaurin yatsa biyu, a bar shi a kwalbar. Ga giyar 1977, a juye ta awa biyu ko uku kafin a zauna, a kai ta tebur da ɗan sanyi, wajen digiri 16 zuwa 18, kuma a gaya wa mai ita cewa in an buɗe ba ta wuce kwana biyu ko uku da kyanta.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a sashen koyon aikin otal da girke-girke. An koya mana sunayen giyar Porto iri-iri. Shin dukkansu ne ake ajiyewa su huta in sun iso?
Daga wata mai karatu a Jos.

AMSA: 'Yar'uwa, ba dukkansu ba ne, kuma abin da za ki tambayi kanki shi ne: a ganga ta girma ko a kwalba? Wadda aka rubuta wa Tawny, mai shekara 10, 20, 30 ko 40, a gangar katako ta tsufa, ta zubar da lakarta a can, aka ɗura ta a tace. Haka Colheita, wadda ta kaka ɗaya ce kamar Vintage amma sai ta yi aƙalla shekara 7 a ganga. Ruby kuwa ƙarama ce tatacciya. Waɗannan in sun yi kwana ɗaya ko biyu sun huce daga zafin hanya, sun isa buɗewa. Wadda aka rubuta wa LBV, wato ta kaka ɗaya da aka jinkirta ɗura ta a kwalba, tana yin shekara 4 zuwa 6 a ganga, kuma iri biyu ce, akwai tatacciya, akwai wadda ba a tace ba, takardar jikinta takan faɗa. Matoshin ma yana ba da alama: in gajere ne mai hula wanda ake cirewa da hannu, galibi tatacciya ce, in kuwa dogo ne da sai an sa mabuɗi, ki yi zaton akwai laka. LBV da ba a tace ba, da wadda ake kira Crusted, wato haɗin kaka daban-daban da ba a tace ba, da Vintage, su ne masu bukatar a tsayar da su a juye, kuma gwargwadon tsufan kwalba gwargwadon kwanakin da za ki ba ta.